Ɗanyar fulawar amarya daga Laraba zuwa Asabar cikin zafin Sakkwato: ina mafita?

Maman_Hanan: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman shawara. Bikin ƙanwata ake yi wannan satin, ango ya sa an yi mata odar ɗanyar fulawa daga Abuja, jan wardi guda 24, ba irin ta roba ba. Wanda zai taho da ita jirgin Laraba zai biyo, walima kuma sai Asabar da yamma. An ce ni zan ajiye tunda ni ke da babban firji. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Bara Abban Hanan ya kawo mini irinta, na zuba ruwa a kofin gilashi na sa a falo, kafin la'asar ɗin washegari duk sun sunkuyar da kai kamar yaran da aka kama a kan bishiyar mangwaron maƙwabta. Kun dai ga yadda garin yake, jiya 43 wayata ta nuna. A Mabera nake, wuta kuwa sai a hankali. Me zan yi ta kai kwana uku?

Ɗan_Ramin_Kura: Ni da na ga an ce fulawar amarya na ɗauka ta cincin ce, har zan ce ki zuba a bokiti mai murfi saboda ƙwari. Allah ya sa alheri, bari masana su zo.

Ummu_Sudais: Ki jefa Panadol ɗaya ko asfirin a cikin ruwan. Haka wata maƙwabciyata take yi, ta ce yana hana shi yaushi.

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni sana'ata ta, na daɗe cikinta. Abin da nika gaya ma kowa shi na, hure da anka yanke kamar marar lahiya na da anka ɗaura ma ƙarin ruwa, in robar ta toshe, zance ya ƙare. Da ya iso hannunki kada ki tsaya ɗaukar hoto. Kwance leda da zaren da anka ɗaure shi. Samu sabuwar reza ko wuƙa mai kaihi, ki rage gindin kowane kara kamar gaɓar yatsa guda, a karkace, yadda almajiri ka hiƙe alƙalami. Ban da almakashin ɗinki, shi murje kara shika yi. In da hali ki yi yankan cikin roba mai ruwa, gindin na nutse. Sannan duk ganyen da kinka san zai shiga ruwa ki tsinke shi, shi ka ruɓewa ya ɓata komi.

Bokitin da za ki sa shi kuma ki wanke da sabulu tas. In ba ki iya shan ruwa cikinai, to hure ma ba shi iyawa. Ruwan randa za ki zuba, ba na tanki ba, don na tanki wanga lokaci ko ƙwai kinka jehwa sai ya dahu. Ki kai shi ɗakin da yaf hi duhu da sanyi, ki bar shi ya sha ya ƙoshi kahin ki yi tunanin jera shi.

Maman_Hanan: Na gode Malam. Amma me ya sa sai na sake yankewa? Ai a yanke yake zuwa. Bara ban taɓa shi ba, tsoron ɓata shi nake yi.

Malama_Kimiyya: Anti Maman Hanan, tsoron nan shi ya kashe na bara. A cikin karan akwai siraran bututai da suka fi gashi siranta, su ke kai ruwa sama. Ganye da furen suna fitar da danshi ba dare ba rana, wannan fitar ce ke janyo ruwan ƙasa. To da zarar an yanke kara an bar shi a waje, sai ya zuƙi iska a maimakon ruwa, kumfar ta tsaya a bakin bututun, bakin kuma ya bushe. Ko a kogin Rima kika tsoma shi ba zai sha ba sai an cire wurin da ya toshe. Abu na biyu ƙwayoyin bakteriya ne. A irin zafinmu suna yaɗuwa da sauri ƙwarai, su taru su yi yauƙi a gindin. In kika taɓa kara kika ji santsi, ko ruwan ya yi hazo yana wari kamar an jiƙa wake an manta, sun riga sun ci gari.

Ga haɗin da nake yi. Ledar fiya wata 2, wato lita 1. Suga cokalin shayi 2. Ruwan lemon tsami cokalin shayi 2, a tace shi. Hypo ko Jik, wato ruwan bilicin wanki, kwatan cokalin shayi. Suga abinci ne, tunda an raba furen da uwarsa. Lemon tsami yana sa ruwan ya ɗan yi tsami, fure ya fi jan irin wannan ruwan, ballantana wasu rijiyoyin burtsatse na nan da ruwansu ke da farar ƙasa, irin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina, wanda ke barin farin dabbare a butar shayi. Hypo kuma shi ne ɗan sandan da ke hana bakteriya taruwa. Idan damin ya zo da 'yar ledar gari a maƙale, wannan abincin fure ne na kamfani, ki fara amfani da ita, aiki ɗaya suke yi.

@Ummu_Sudais, Panadol ba ya ciyar da fure, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ki bar wa mai ciwon kai.

Ummu_Sudais: To ni dai na gani da idona, nata ya yi kwana biyar.

Malama_Kimiyya: Wane wata ne?

Ummu_Sudais: Lokacin sanyi ne, wajen Janairu.

Malama_Kimiyya: Ai kin ba kanki amsa, 'yar uwa.

Baban_Khalifa: Ni fa abin nan mamaki yake ba ni. A wannan tsadar rayuwa a ɗauki kuɗi a sayi ganyen da zai mutu cikin kwana uku, har a hau da shi jirgi? Ina muka gaji wannan? Da kuɗin aka ƙara wa amarya a kayan gara ko aka saya mata tunkiya, da baɗi ta haihu. Fulawar roba tana nan a Sabuwar Kasuwa, shekara biyar tana ajiye, sai dai a kakkaɓe ƙura. Ba don na ɓata wa kowa rai ba, amma wannan almubazzaranci ne.

Hajiya_Inno: Baban Khalifa, ɗana, rabin maganarka gaskiya ta. Amma kada ka ce ba mu san hure ba. Mu da munka taso, kusan kowane gida da iccen lalle bayan ɗaki. In ya yi hure, ƙamshinai har zaure. Innarmu kan karyo shi da sahe ta sa cikin ƙwarya da ɗan ruwa ta aje ƙarƙashin gado, wani ta ɗaure bakin zane, wani ta tura cikin adaka tsakanin tuhwahi. Ɗaɗɗoya ma haka. Ba mu sayo shi da kuɗi ba, shi ɗai na bambancin. Yaran yanzu sun sare icen lalle sun zuba siminti, sun koma sayen ƙamshi daga Abuja.

Abu_Raihana: Madalla da Hajiya. A ƙara da cewa ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, cewa wanda aka miƙa wa raihani kada ya mayar da shi, domin ba shi da nauyin ɗauka, ga daɗin ƙamshi. Malamai da dama sun ce raihani ya haɗa duk wani tsiro mai ƙamshi. Ke nan kyautar fure ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maganar wuce gona da iri kuma wannan daban, ya danganta da aljihun mai saye.

Baban_Khalifa: Malam, hadisin ya ce ba shi da nauyin ɗauka. Wannan kuwa sai da jirgi ya ɗauko shi.

Ɗan_Ramin_Kura: Kai Baban Khalifa, Allah ya shirye ka.

Maman_Hanan: Jama'a ni dai amana aka ba ni, ba ni na saya ba. A taimaka a dawo kan tambayata. Firjin fa? In saka ko kar in saka?

Uwar_Kwalliya_Arkilla: Ki saka, amma da sharaɗi. Ni kwalliyar wurin biki nake yi, kuma na sha wuya kafin na koya. Sanyi shi ne babban maganin wardi, masu sayar da shi a ɗakin sanyi suke ajiye shi, kusa da digiri 2 zuwa 4. Sai dai firjin gida ba nasa ba ne shi kaɗai. Wata rana na karɓi aikin kamu, na jera dami uku a firji tare da kwandon tumatir da mangwaro da na sayo. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, na kwanta hankalina kwance. Bayan kwana biyu na buɗe, na ɗaga dami ɗaya, sai ganyen furen ya zubo mini a ƙafa kamar an girgiza zogale. Ranar sai da na mayar wa uwar amarya rabin kuɗinta. Daga baya na gane 'ya'yan itace masu nuna, ayaba, mangwaro, tumatir, tuffa, suna fitar da wata iska da ake kira etilin. Ba a ganinta, amma ita ke sa ɗanyar ayaba ta nuna in an rufe ta da nunanniya. Fure in ya shaƙe ta tsufa yake yi nan take.

Don haka ki kwashe duk kayan miya da kayan marmari ki kai wa maƙwabta ajiya. Ki cire shantar tsakiya bokitin ya zauna a tsaye. Kada furen ya taɓa bangon baya, wurin nan yana ƙanƙara. In an ɗauke wuta kada a yi ta buɗewa, ki sa gorar ƙanƙara biyu ko uku a gefe. Sannan ganyen waje na kowane wardi, waɗanda za ki ga sun ɗan yi duhu ko sun yamutse, kada ki cire su yanzu. Garkuwa ne, da gangan ake barinsu. Sai ranar Asabar ki zare su a hankali.

Sadiya_Gawon_Nama: Don Allah ban da firiza! Ni na yi wannan wautar. Na ce tunda sanyi ake so bari in ba shi mai gaba ɗaya. Da na fito da shi kyakkyawa kamar na gilashi, minti ashirin ya zama baƙi ya yi laɓo-laɓo kamar alayyahun da aka tafasa.

Malama_Kimiyya: Ƙanƙara ce ta farfasa ƙwayoyin jikinsa, ba ya dawowa. Kuma a sani ba kowane fure ke son firji ba. Na ƙasashen zafi irin su okid sanyin firji yana ƙona su. Amma wardi yana so.

Maman_Hanan: Maganar gaskiya gidan biki ne, firjin nan cike yake da zoɓo da kunun aya da kayan miya, kuma yara kamar su ɓalle murfin. Ban ga yadda zan kwashe ba. Wutar ma jiya awa huɗu muka samu.

Injiniya_Runjin_Sambo: To ki koma ga na kakanni. Firjin da ba wuta, ana buɗe shi kowane minti, akwatin zafi ne kawai. Ki nemi babbar randa ta ƙasa, wadda ke tsattsafo, ba wadda aka shafe da siminti ko fenti ba. Ki zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, ki tsayar da doguwar roba mai furen a ciki, ki jiƙa farin mayafi ki yafa a baki, ki tokare da tsinke yadda ba zai kwanta kan furen ba. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, yana tafiya da zafi. Wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gyara ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Kuma ta fi aiki a busasshen zafi irin na yanzu kafin ruwa ya sauka. Ba za ta kai firji ba, amma tsakaninta da falo akwai nisa.

Hajiya_Inno: Awo. Randar Inno ta dawo da daraja ke nan.

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: Injiniya ya yi daidai. Abu guda nika ƙarawa, kuma na san mata ba su son jin shi: turaren wuta. Hajiya, bara da hurenki ya mutu, kin sa turare ɗakin?

Maman_Hanan: Malam ai kullum ne, safe da yamma. Kaskon ma a kan teburin da furen yake nake ajiyewa.

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: To ga ɓarawonki nan. Garwashi gehe guda, hayaƙi gehe guda.

Malama_Kimiyya: Gaskiya ne. Hayaƙi kowane iri, na turare, na itace, na taba, na janareta, yana ɗauke da etilin ɗin da Uwar Kwalliya ta faɗa. Fanka ma kada ta buga shi kai tsaye, ko iskar na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin ɗakin ake so, ba bugun iskar ba, don tana zuƙe ruwan jikinsa fiye da yadda kara zai iya mayarwa.

Amaryar_Bana: Haba dai! Gidan biki ba turaren wuta? Ai sai a ce mutuwa aka yi. Ni in zaɓi ne tsakanin fure da turare, furen ya hutar da mu.

Uwar_Kwalliya_Arkilla: Ba wanda ya ce a daina, ƙanwata. A ware masa ɗaki ɗaya ne kawai, a rufe.

Yar_Jos_a_Sakkwato: Ni abin da ke ba ni tausayi, furen nan ba ɗan nan ba ne. Yawancin manyan wardin da ake sayarwa a Abuja da Legas daga waje ake kawo su, musamman Kenya. Gonakinsu na gefen tafkin Naivasha, wuri mai tudu kusan mita 1,900, ga rana ga sanyin dare. Daga can ake loda su a jirgi zuwa Turai, da yawa su bi ta babbar kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer a Holan. Habasha ma tana nomawa sosai. Mu ma a Jos ana yi, saboda tudunmu ya kai wajen mita 1,200. Ke nan kafin ya zo hannunki ya riga ya yi kwanaki a hanya. Ki duba shi tun a filin jirgi: ki ɗan matsa gindin kan furen da yatsa biyu, in da tauri sabo ne, in ya yi lagwai ya kwana biyu. Wanda ya buɗe sarai kuma ba zai jira Asabar ba.

Direba_Mai_Sharon: Ni na taɓa ɗauko irinsa daga Jos. Zariya, Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, wuni guda cur. Mai kayan ya sa a but, na ce masa kada, ya ƙi ji. Da muka iso kamar an soya. Duk wanda zai je tarbo shi a filin jirgi ya riƙe shi a cikin mota, a lulluɓe gindin da jiƙaƙƙen tawul, kuma kada a tsaya gaisuwa a hanya a bar shi cikin mota a rufe.

Sadiya_Gawon_Nama: Wata ta ce mini Sprite ake zubawa. Gaskiya ne?

Malama_Kimiyya: Yana yi, don akwai suga da tsami a ciki. Kashi ɗaya na Sprite ɗin, kashi uku na ruwa, da ɗigon Hypo. Amma mai suga, ba wanda aka rubuta babu suga ba. Suga kaɗai ba Hypo kuwa kin yi wa bakteriya walima ne. Gargaɗi ɗaya da na manta: kada a taɓa haɗa Hypo da lemon tsami ko binega zallansu a kofi, suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe mutum. A cika ruwan tukuna, a zuba ɗaya a juya, sannan ɗayan.

Kawu_Na_Minanata: Ni uwargida ta ji an ce Hypo, ta tuttula murfi biyu. Karan ya yi fari fat, ganye ya zube. Ku riƙa faɗa musu kwatan cokali ba kwatan gora ba. Sannan ba wanda ya yi maganar kiyashi. Ruwan suga a Sakkwato? Kafin asuba sun yi layi. A ɗora kwalbar cikin faranti mai ruwa.

Maman_Hanan: Salam jama'a, Laraba da dare. Ya iso lafiya, ƙanena ya riƙo shi a cinya har gida. Na bi maganar Malam Mai Lambu, na yanke da reza a cikin baho, ƙaya ta soke ni sau uku. Na yi haɗin Malama lita 3. Randa na aro wurin surukata, na sa a ɗakin ajiya na kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Na matsa kamar yadda Yar Jos ta ce, guda huɗu sun ɗan yi laushi, sauran da tauri.

Baban_Khalifa: Yanzu har da makulli. Ko jariri bai sami wannan gatan ba.

Maman_Hanan: Innalillahi. Alhamis, yanzu na dawo daga wurin ƙunshi, na tarar guda bakwai sun langaɓe daga wuya, kan ya rataya. Ruwan bai yi wari ba. In cire su in zubar?

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: A'a Hajiya, kada ki zubar! Ƙishirwa ta, ba mutuwa ba. Hiddo su. Sake yanke gindin, wanga karon ki rage kamar tsawon yatsa. Cika baho da ruwan randa ki kwantar da su ciki gaba ɗai, kai da kara, ki miƙe wuyan da hannu. Ki bar su kamar awa guda. In kin hiddo, ki naɗe kawunan da takardar jarida ki matse kaɗan yadda wuyan zai tsaya sak, ki tsayar cikin ruwa mai zurhi har sahe. Kuma ki rage musu ganye, ki bar biyu na sama. Ganye da yawa gasa shika yi da hure wurin shan ruwa. Sauran ma duka ki canza musu ruwa yau, ki wanke robar, ki sake rage gindi kaɗan. Wanga zahi kullum aka canzawa, ba bayan kwana biyu ba.

Uwar_Kwalliya_Arkilla: Ni a nan na ɗan saba da Malam. Wanda ya langaɓe ruwa mai ɗumi nake sa masa, kamar na wankan jariri, ya fi saurin hawa kara. In ya farfaɗo sai in mayar da shi na sanyi.

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: Hajiya ai ruwan randarmu na watan ga shi na mai ɗumin wasu garuruwa.

Likitan_Dabbobi_Dundaye: Ku yi haƙuri in ɗan karkata, tunda na ga ana ta sha'awar sa fure a ɗaki. Masu kyanwa a gida su kiyayi furen lili, wanda ake yawan cusawa cikin dami, fari mai dogon tsinke da gari ruwan goro a tsakiya. Kaɗan kyanwa ta lasa, ko garin ko ruwan kwalbar, yana lalata mata ƙoda. Sannan oliyanda, shukar nan mai siraran ganye da fure ruwan hoda da ake dasawa a bakin gidaje da makarantu, dukkan jikinta guba ne ga mutum da dabba. Shukar kariya ma haka ruwanta yake. Kada yara su karyo su kawo ɗaki, kada a zubar da reshen inda awaki ke kiwo.

Amaryar_Bana: Tambaya: in an gama biki za a iya shanya wardin a daka a haɗa da kayan gyaran jiki, ko a sa a shayi?

Yar_Jos_a_Sakkwato: Kada ki soma. Na kwalliya ana yi masa feshin maganin ƙwari da na fumfuna sosai, ba a noma shi don ci ko shafawa ba. In ajiyar tarihi ake so, a ɗaure a rataye shi kai ƙasa a ɗaki mai duhu. A busasshiyar iskar nan 'yan kwanaki ya bushe ƙayau, launin ya koma kamar na zoɓo.

Hajiya_Inno: Soɓorodo muka cewa, ɗiyata.

Maman_Hanan: Juma'a da safe. Alhamdu lillahi! Cikin bakwai ɗin, biyar sun miƙe kamar ba su ba. Da na kwance jaridar har da ɗan raɓa a jikinsu. Biyu sun ƙi, na ga wuyansu ya yi baƙi ya tsotse. Na canza ruwa. Malam Mai Lambu, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a.

Injiniya_Runjin_Sambo: Kina jiƙa mayafin dai ko? In ya bushe aikin ya tsaya.

Maman_Hanan: Bayan kowace salla nake jiƙawa.

Ɗan_Ramin_Kura: Ni fa har yanzu ina ganin mun bar arha a gida. Ku je fadama ku ga albasar iri in ta yi fure, farare ƙwal-ƙwal kamar an jera ƙwallo a kan sanda. A ɗaura wa amarya dami ɗaya, ba jirgi ba randa.

Amaryar_Bana: Ango ya shigo ya ji ɗaki na warin miya ko?

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: Dariya kuka yi, amma akwai huren da ka jure garin ga, kuma muna shuka su. Ziniya, marigol, huren rana, da wani ɗan ƙulli-ƙulli shuɗi-ja da ko ya bushe ba shi canza launi. Sirrin a yanke su bayan sallar asuba, lokacin sun sha ruwan dare, a tahi da bokiti gona a tsoma nan take. Wanda anka yanke da azahar ya riga ya gaji. Bogenbiliya kau kyawon banza ta, awa biyu ta kwanta.

Maman_Hanan: An yi walima jiya lafiya. Guda 19 muka ɗaure, na zare ganyen waje kamar yadda Uwar Kwalliya ta ce. Uku sun buɗe da yawa tun Juma'a da dare, ana taɓawa suna zubewa, sai muka watsa ganyensu a kan faranti. Amarya ta riƙe shi bai fi awa biyu ba, kafin magariba ya fara laushi saboda zafin hannu da na rumfa, amma an yi hotuna. Randar surukata kuma ta ce in dawo mata da ita yau.

Ummu_Sudais: Da kin sa Panadol da duka 24 sun kai.

Injiniya_Runjin_Sambo: Randa ce ta yi aikin, kowa ya gani.

Malama_Kimiyya: Randa da ruwa mai datti ba ta kai shi Juma'a ba, Injiniya.

Baban_Khalifa: Kwana uku ana jinya don awa biyu. Ni dai tunkiyata tana nan. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Sadiya_Gawon_Nama: Amin. Malam Mai Lambu, karan da suka rage in an dasa su a tukunya za su kama?

Mai_Lambu_Kwalkwalawa: Da wuya, Hajiya. Sun daɗe cikin sanyi, kuma ba irin ƙasarmu na ba. In kina son wardi gida ki nemi ɗan gida da anka riga anka raina cikin leda, ki dakata sai ruwa ya zauna wajen Yuli, ki dasa inda rana ka same shi da sahe kaɗai. Taki ruɓaɓɓe za ki sa, ban da ɗanyen kashin kaji.

Hajiya_Inno: In za ka kawo mata, ka haɗo min da dashen lalle guda biyu.